ASUSUN LAFIYA: A ZUBA TUN ANA LAFIYA, KADA CIWO YA CINYE RUMBU

Wannan jawabi an shirya shi ne domin cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Zabori da kewaye. Mai koyarwa ya karanta shi a hankali, kashi-kashi. Bayan kowane kashi a dakata, a tattauna.



CIWO BA YA SALLAMA

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Manomi mai lafiya shi ke riƙe hauya. Mace mai lafiya ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ke kula da yara. Amma ciwo ba ya sallama, kuma ba ya tambaya ko akwai kuɗi a gida.

Kowa ya san yadda watan Agusta da watan Satumba suke a ƙasar Zabori. Ruwa ya kwanta a fadamu. Sauro ya yi yawa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. A daidai wannan lokaci ne masassara take kayar da yara da manya. A lokacin ne kuma aljihun maigida ya fi bushewa.

To, me maigida yake yi? Wani ya kai rago kasuwa, ya sayar da shi yadda dillali ya ga dama, don an san a matse yake. Wani ya ci bashi a kan hatsin da bai yanka ba. Wani ya jinginar da gona. Wani kuma ya zauna yana jira, ko jikin zai yi sauƙi. Kwana biyu, kwana uku, ana neman kuɗi, ciwo yana ƙara cin jiki. Sa'ad da aka isa gidan likita, maganin da zai ci jika ɗaya ya koma na jika ashirin. Wani lokaci ma an makara.

Wannan matsala ta game ƙasa duka. A ƙarshen shekarun 2010, kusan rabin kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijar daga aljihun iyalai yake fitowa, a ranar ciwo. Shi ya sa ya kamata kowa ya san hanyoyin da ake bi a raba wannan nauyi.

MENE NE ASURANS NA LAFIYA?

Mutane da yawa sun san kalmar asurans a bakin direbobi. Takarda ce da jandarma yake tambaya a kan hanyar Gaya zuwa Doso. Mai mota yana biyan kuɗi kowace shekara, ko ya yi haɗari ko bai yi ba. In motar ta buge mutum, kamfanin asurans ke ɗaukar nauyi. A Najeriya ana ce masa inshora.

Asurans na lafiya haka yake. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya. Wanda ciwo ya kama, asusun ya biya masa magani. Ba kowa ke ciwo a shekara ɗaya ba. Saboda haka kuɗin masu lafiya ke warkar da marasa lafiya. Bana wane ya amfana, baɗi wani ne.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gayya haka take: yau a gonar wane, gobe a gonar wane. Rumbun tsimi haka yake: a zuba da kaka, a ɗiba da bazara. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a shekarar 1991, su ma suna zubi kowane mako, wasu har da ɗan asusun agaji don ranar wuya.

Amma a lura da bambanci ɗaya. A adashe, kowa yana kwasar abin da ya zuba in layinsa ya zo. A asurans ba haka ba ne. Wanda shekara ta zagayo bai yi ciwo ba, ba a mayar masa da zubinsa. Kuɗinsa sun yi wa maƙwabcinsa magani. Shi kuwa ya samu abu biyu: lafiyarsa, da kwanciyar hankali. Wanda bai gane wannan ba tun farko, shi ne yake cewa an cuce shi.

KALMOMI BIYAR DA YA KAMATA A RIƘE

Kowane irin asurans yana tafiya da waɗannan abubuwa biyar.

1. Zubi. Shi ne kuɗin da mutum yake biya, ko kowane wata, ko sau ɗaya a shekara. Sau da yawa ana lissafa shi bisa yawan mutanen gida.

2. Kason mai ciwo. Yawancin asusai ba su biyan kuɗin magani duka. Misali, in magani ya ci jika 10, asusu ya biya jika 8, mai ciwo ya cika jika 2. An yi haka ne don kada mutane su riƙa zuwa likita ba gaira ba dalili.

3. Lokacin jira. Wanda ya shiga yau ba ya fara cin amfani yau. Yakan jira wata ɗaya, ko uku, ko fiye, bisa ga dokar asusun. In ba haka ba, kowa zai bari sai ya kwanta ciwo sannan ya kawo zubi.

4. Iyaka. Akwai adadin da asusu ba ya wucewa ga mutum ɗaya a shekara. Akwai kuma cututtuka da magungunan da ba ya biya ko kaɗan.

5. Wurin zuwa. Asusu yana da gidajen likitan da ya yi yarjejeniya da su. Ana farawa daga ɗakin shan magani na ƙauye ko cibiyar lafiya ta CSI. In abin ya fi ƙarfinsu, sai su ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma. Daga nan sai babban asibitin Doso, sannan Yamai. Wanda ya tsallake mataki ba tare da takarda ba, yana iya biya daga aljihunsa.

Yanzu ga ire-iren asusun lafiya ɗaya bayan ɗaya. A kan kowanne a tambayi abu uku: wa ke biya, wa ke amfana, kuma me aka bari a baya?

NA FARKO: ABIN DA GWAMNATI TA ƊAUKE

Wannan shi ne wanda ya shafi kowane gida, kuma babu zubi a cikinsa.

A shekarar 1987, ministocin lafiya na ƙasashen Afirka sun taru a Bamako. Sun amince jama'a su riƙa biyan wani abu a gidajen likita, don kada magani ya yanke. A Nijar, dokar shekarar 1995 ce ta kafa wannan tsari. Magani ya samu, amma talaka ya ji nauyin biya.

Saboda haka gwamnati ta ɗauke wa wasu mutane biya. A shekarar 2005 aka ce haihuwa ta hanyar fiɗa kyauta ce. A shekarar 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa. A shekarar 2007 aka ƙara da ciwon daji na mata, wato na nono da na mahaifa. Allurar rigakafin yara kyauta ce. Maganin tarin fuka kyauta ne. Ƙwayoyin kariya daga masassarar cizon sauro, waɗanda ake raba wa yara gida-gida da damina, su ma kyauta ne.

A watan Agusta na shekarar 2024, gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita, da na kwanciya, da na awo, da na fiɗa a asibitocinta. Ta kuma ce haihuwa kyauta ce. Wannan ya fara aiki ranar 1 ga Satumba, 2024.

A nan akwai abin lura. Kyauta ba ta nufin ba wanda ya biya. Gidan likita yana yi wa yaro magani, ya rubuta, ya aika wa gwamnati lissafi. Gwamnati ta biya daga kuɗin haraji da taimakon ƙasashen waje. Shekaru da yawa wannan biya ya riƙa yin jinkiri. In ya yi jinkiri, ɗakin magani ya bushe. Sai a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a farmasi. Shi ya sa wani lokaci a ce kyauta ne, amma sai an taɓa aljihu.

Abin da aka bari a baya kuwa yana da yawa. Yaro ɗan shekara 6 ba ya ciki. Maigida ba ya ciki. Tsohuwa mai hawan jini ba ta ciki. Su an rage musu ne kawai, ba a ɗauke musu ba.

NA BIYU: NA MA'AIKATA

Wannan na masu albashi ne. Bisa doka, in ma'aikacin gwamnati ya kwanta asibiti, gwamnati tana ɗaukar kashi 80 cikin 100 na kuɗin, shi ya cika kashi 20. Wasu ma'aikatu kuma sun kafa asusun kansu, ana cire zubi daga albashi kowane wata.

Akwai kuma asusun CNSS, wanda aka kafa a shekarar 1965, domin ma'aikatan kamfanoni da makamantansu. Yana biyan fansho da kuɗin tallafin iyali. Yana biyan magani in mutum ya ji rauni a bakin aiki, ko aikin ne ya sa masa cuta. Amma masassara da ciwon ciki na yau da kullum ba su cikin abin da ya ɗauka.

Manomi ba shi da albashi, don haka wannan iri bai shafe shi ba. Amma akwai wanda ya shafa a kaikaice. Saurayin da ya samu aiki a kamfani a Gaya, ko Doso, ko Yamai, ya tambayi uban gidansa ko an rubuta sunansa a CNSS. Ya nemi lambarsa. In ba a rubuta shi ba, ranar da inji ya kama masa hannu zai sha wuya kafin ya samu haƙƙinsa.

NA UKU: NA KAMFANONI

Akwai kamfanonin asurans a Yamai da manyan garuruwa. Kasuwanci suke yi, riba suke nema. Suna biyan abubuwa da yawa, har da asibitoci masu zaman kansu. Amma zubinsu yana da tsada ƙwarai. Masu shiga su ne manyan ƴan kasuwa, da bankuna, da ƙungiyoyin da suke biya wa ma'aikatansu. Kamfani yana duba shekarun mutum da lafiyarsa kafin ya karɓe shi. Tsoho ko mai tsohon ciwo, ko dai a ƙara masa kuɗi, ko a ƙi shi.

Wannan ba na mai gona biyu da awaki uku ba ne. Amma a san da shi, saboda dalili ɗaya. In wani baƙo ya zo ƙauye da jaka da takardu, yana cewa a ba shi kuɗi zai yi wa mutane asurans, kada a yi gaggawa. A kai shi wurin hakimi da magajin gari. A tambayi shugaban cibiyar lafiya ko ya san shi.

NA HUƊU: MUTUWEL, WATO ASUSUN TAIMAKON JUNA

Wannan shi ne ya fi dacewa da mutanen karkara. Jama'a da kansu suke kafa shi, su ne masu shi. Ba riba ake nema ba. Su ke zaɓen shugabanni a babban taro. Su ke yanke yawan zubi da lokacin biya. Su ke yarjejeniya da cibiyar lafiya. Nijar tana da doka a kan irin waɗannan asusai tun ranar 30 ga Afrilu, 2008.

Ga yadda yake tafiya. Maigida ya rubuta sunayen mutanen gidansa. Ya biya zubin kowa. A ba shi karne mai ɗauke da sunaye, wani lokaci har da hotuna. In ciwo ya zo, a tafi cibiya da karnen. Mai ciwo ya biya ɗan kasonsa. Ƙarshen wata cibiya ta aika wa asusu lissafin saura.

Ga lissafi don misali kawai. A rubuta shi a allo.

A ce mutum 300 ne suka shiga. Kowa ya zuba jika 2 a shekara. An tara jika 600.
Mutum 120 sun je cibiya. Asusu ya biya wa kowa jika ɗaya da rabi. An kashe jika 180.
Mutum 10 sun kwanta asibiti. Asusu ya biya wa kowa jika 25. An kashe jika 250.
Mutum 4 an ɗauke su da mota cikin gaggawa, kowa jika 20. An kashe jika 80.
Jimilla an kashe jika 510. Saura jika 90 a asusu.

Mutumin da ya zuba jika 2, aka biya masa jika 25, ragonsa yana nan a turke.

Yanzu a sake lissafin. A ce masu ƙarfi da samari sun ƙi shiga. Sun ce su ba su ciwo. Mutum 60 ne kawai suka shiga, kuma yawancinsu masu yawan laulayi ne. An tara jika 120. Mutum biyar kawai za su kwanta asibiti, asusun ya ƙare kafin damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwa huɗu ke kashe mutuwel. Na ɗaya, ƙarancin masu shiga. Na biyu, rashin biyan zubi a kan lokaci. Na uku, ma'ajin da ba ya rubutu kuma ba ya nuna lissafi. Na huɗu, gidan likitan da ba magani, ko ba a karɓar mutane da fara'a. Ƙananan asusai da yawa a Afirka ta Yamma waɗannan abubuwa ne suka rusa su.

Shi ya sa aka fara tunanin asusu babba, na gunduma guda, mai ma'aikata na musamman. A farkon shekarun 2020, da taimakon ƙasar Beljiyam, an shirya gwajin irin wannan asusu a gundumar Gaya da ta Goteye. Ƙasar Zabori tana cikin gundumar Gaya har shekarar 2011, lokacin da aka ware Junju ta zama gunduma tare da Karakara da Zabori. Saboda haka mai son shiga wani asusu ya fara tambaya a cibiyar lafiya ko a gidan magajin gari, ya ji wanda ya haɗa da garinsa.

NA BIYAR: ASUSUN ƊAUKAR MARA LAFIYA

Wani lokaci kuɗin mota ya fi kuɗin magani. Mace tana naƙuda tun asuba, haihuwa ta gagara. Fiɗa kyauta ce, amma asibitin da ake yin ta yana da nisa. Kafin a haɗa kuɗin mai, rana ta faɗi.

Don maganin wannan, a shekarun 2000 aka ɓullo da wata dabara a jihar Doso. Duk wanda ya zo ganin likita ya ƙara dala 20, wato sefa 100. Ana tara kuɗin daban, a sayi mai, a gyara motar ɗaukar marasa lafiya. Wannan ma asurans ne, ko da yake ƙarami ne. Abu ɗaya yake biya, amma abin da ke ceton rai. Wanda aka karɓi irin wannan kuɗi a hannunsa ya nemi takardar shaidar biya. Ya kuma tambayi komitin lafiya na garinsa inda kuɗin suke zuwa.

NA SHIDA: ASURANS NA ƘASA BAKI ƊAYA

Iri na ƙarshe shi ne wanda gwamnati take kafawa da doka domin kowa. Mai hali ya zuba, marar hali gwamnati ta zuba masa. Ƙasar Jamus ce ta fara irin wannan doka a shekarar 1883, domin ma'aikata. A Afirka, Ruwanda ta fara da asusan ƙauyuka a shekarar 1999, daga baya ta game ƙasa da su. Gana ta yi dokarta a shekarar 2003.

Maƙwabta ma sun ɗauki hanya. Najeriya ta fara nata a shekarar 2005, da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A shekarar 2022 ta yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Jihar Kebbi tana da hukumarta mai suna KECHEMA. Benin ta fara gwajin shirinta na ARCH a shekarar 2019, da mafiya talauci.

Wannan ya shafi ƴan ci-rani da masu dangi a ƙetaren iyaka. Katin wata ƙasa a ƙasar yake aiki. Katin Kebbi ba ya biya a Doso. Karnen mutuwel na nan ba ya biya a Kamba ko Malanbil. Mai zuwa ci-rani ya biya zubin iyalinsa kafin ya tashi, don kada a jira saƙonsa ranar da yaro ya kwanta.

DARASI DAGA BOBOY

Wasu suna cewa mutumin ƙauye ba zai yarda ya biya kuɗin ciwon da bai zo ba. An taɓa gwada wannan a nan jihar Doso.

A shekarar 1993 gwamnati ta gwada hanyoyi biyu. An zuba magani a gidajen likitan Sayi da na Boboy. A Sayi, mutum yana biya ranar ciwo: babba dala 40, yaro dala 20. A Boboy, ƙasar Birnin Gaure, kowane mai biyan lanho yana ƙara dala 40 a shekara, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. Ranar ciwo kuwa, babba ya ba da dala 10, yaro dala 5.

Da aka duba sakamako, sai aka ga masu zuwa likita sun ƙaru a Boboy, musamman talakawa da mata da yara. Kuɗin da aka tara a Boboy sun fi na Sayi. Da aka tambayi jama'a, yawancinsu sun fi son hanyar Boboy. Daga baya, hanyar biya ranar ciwo ce ta zauna a yawancin wurare. Amma darasin yana nan. In zubi ba shi da nauyi, in kowa ya shiga, in kuma akwai magani, mutumin ƙauye yana biya.

BATUN ADDINI

Wani zai ce: ciwo da lafiya na Allah ne, wannan ba rashin tawakkali ba ne? Manomi ya san ruwa na Allah ne, amma yana gina rumbu. Makiyayi ya san tsari na Allah ne, amma yana ɗaure dabbarsa da dare.

Malamai sun yi bincike a kan asurans. Da yawansu sun yi saɓani a kan na kamfanoni masu neman riba. Amma asusun taimakon juna, inda kowa yake ba da nasa da niyyar agaji, malamai da yawa sun halatta shi. A kan wannan tushe aka kafa asurans na Musulunci da ake kira takaful. Kamfani na farko an buɗe shi a Sudan a shekarar 1979. Mai shakka ya je wurin limamin garinsa, ya bayyana masa yadda asusun yake, ya ji fatawa.

TAMBAYOYI KAFIN A BA DA KUƊI

Kada mutum ya zuba ko dala ɗaya sai ya samu amsar waɗannan:

Nawa ne zubin mutum ɗaya, kuma yaushe ake biya?
Su wa za a rubuta: mata duka, da yara duka, da tsofaffin gida?
Wane ciwo ake biya, wane ne ba a biya?
Nawa ne kason mai ciwo?
Wata nawa ake jira?
Wace cibiya da wane asibiti za a je?
Kuɗin mota yana ciki?
In babu magani a cibiya, aka saya a waje, wa zai biya?
Wa ke riƙe da kuɗin, a ina, kuma yaushe ake karanta lissafi a gaban jama'a?

Lokacin zubi mafi kyau ga manomi shi ne kaka, sa'ad da aka sayar da gyaɗa ko wake. A ware kuɗin lafiya tun ranar, kafin biki da sayayya su haɗiye su. A rubuta kowa da kowa na gida. Maigidan da ya rubuta kansa da uwargida, ya bar amarya da ƴaƴanta, ya sayo wa gidansa rigima. Kada kuma a ara wa wanda bai shiga ba karne. Wannan cin amanar sauran masu zubi ne.

AIKIN MASU KARATU

A nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa. Asusu ba ya rayuwa sai da rubutu. Ana bukatar mai rubuta sunaye. Ana bukatar mai karanta takardar shaidar biya. Ana bukatar mai haɗa lissafi a gaban taro, ya ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga saura. Kowace cibiyar lafiya tana da komitin jama'a mai sa ido a kan kuɗi da magani. Wanda ya iya karatu ya cancanci zama a ciki, namiji ko mace. Mace ce ta fi kai yaro likita, don haka kada a bar mata a baya.

Wanda ya iya karatu ba a karɓar kuɗinsa a kan abin da gwamnati ta ce kyauta ne. Yana duba farashin da aka liƙa a bango. Yana neman takardarsa. In ya ga ba daidai ba, ya kai magana wurin komiti cikin ladabi.

A taƙaice, yara ƙanana da mata masu ciki gwamnati ta ɗauke musu. Masu albashi suna da nasu. Masu dukiya suna da kamfanoni. Saura manomi da makiyayi da mai ƙaramar sana'a. Su ƙarfinsu yana cikin haɗa kai. Rigakafi ya fi magani, tanadi kuma ya fi bashi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Allah ya ba da damina mai albarka. Amin.

DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Bara, gida nawa ne a garin nan suka sayar da dabba ko hatsi saboda ciwo?
2. Mene ne bambancin adashe da asusun lafiya?
3. Su wane ne gwamnati ta ɗauke wa biya?
4. Gida mai mutum 8, kowa jika 2 a shekara. Nawa ne zubin gidan? Tiya nawa ta wake ke nan a farashin kaka?
5. Su wa ke cikin komitin lafiya na garin nan? Yaushe suka karanta lissafi na ƙarshe?